Da Wane Lokaci Yake Yi Maka Haka?

A Kano, idan kayan wuta ya lalace, Bata ake nufa. Daga shataletalen, ko ka bi France Road, ko ka kutsa kasuwar Sabon Gari, ko ka gangara Beirut Road wajen 'yan waya, babu abin da ke aiki da lantarki wanda ba za ka sami mai sayar da shi da mai gyara shi da mai sayen gawarsa ba. A nan na tashi a shekarun 1990, a ɗan shagon kawuna mai gyaran rediyo, tsakanin wani Inyamiri mai sayar da kayan gyara da wani Bayarabe mai naɗin tiransifoma. Yanzu ina koyar da fiziks a makarantar sakandare, amma da yamma da ranakun Asabar ina shagon, domin ya dawo hannuna bayan rasuwar Kawu, Allah ya jiƙansa.

Kawu ba ya taɓa sukudireba sai ya yi tambaya ɗaya: da wane lokaci yake yi maka haka? Akwai wani dattijo daga Fagge da ya zo da rediyonsa a cikin rigar fata, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa. Ya ce, "Malam, akwatin nan ya fara tsufa. Shirin safe garau nake jin sa, amma na ƙarfe takwas da rabi na dare sai muryar ta riƙa karkarwa, ta tafi ta dawo." BBC Hausa yake nufi, a gajeren zango. Kawu ya ce, "Baba, kullum ne, ko wasu ranaku?" Ya ce wasu ranaku, shekaranjiya ko kalma ɗaya bai tsinta ba, jiya kuwa lafiya lau. "To Rediyon Kano fa?" Ya ce ita babu ruwanta. Kawu ya zare batiran ya gwada su a mita, ya goge tsatsar da ke kan sifirin, ya ja eriya ya mayar, sannan ya miƙa masa da hannu biyu. "Baba, lafiyarsa ƙalau. Sama ce. In wannan mitar ta ƙi, ku koma ɗayar." Bai karɓi ko kwabo ba.

Na ga masu gyara da yawa waɗanda da su aka kai wa, da sun buɗe bayan akwatin, sun narka dalma, sun canza kwandansa ɗaya, sun karɓi kuɗi. Bayan mako guda mai kaya ya dawo da ƙorafinsa na farko, a sake canza wani abu, har ya gaji ya ce masu gyaran Bata duk macuta ne. Alhali tambayar Kawu ta isa ta raba gardama. Kwandansar da ta mutu ba ta san magariba ba. Ciwon da yake kiyaye agogo, yake zaɓar wata, yake barin tashar gida ya kama ta nesa, ba a kan teburinka yake ba, kuma duk kuɗin da ka karɓa a kansa ba ka ci halalinsa ba.

Kawu bai yi boko mai zurfi ba, amma ƙa'idojin sama suna kansa. Da rana a nemi tashoshin waje a mita 13 da 16 da 19. In dare ya yi a sauko mita 31 da 41 da 49. Matsakaicin zango da rana na gida ne, amma bayan isha'i sai ka ji Larabci da Faransanci sun cika shi daga ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba. Ya kuma lura cewa farkon bazara da ƙarshen damina ne masu sauraron shirin dare suka fi kawo kuka. Sai da na je Jami'ar Bayero na gane cewa duk ƙa'idojin nan nasa suna cikin littafi, har da lissafinsu.

Daga kimanin kilomita 60 sama da kanmu har zuwa wajen kilomita 1,000, iska ba ta da kauri ko kaɗan. Hasken rana mai ƙarfi, irin wanda ido ba ya gani, yana bugun ƙwayoyinta ya fizge musu ilaktaron, sai a sami cakuɗar ƙwayoyi masu ɗauke da caji, wadda ake kira filazma. Wannan yankin shi ne ayonosfiya, kuma hawa-hawa yake. Hawan ƙasa, wanda ake wa laƙabi da D, yana tsakanin kilomita 60 da 90. Da rana yana shanye igiyar matsakaicin zango, rana na faɗuwa ya ɓace, shi ya sa dare ke kawo baƙin tashoshi. Sama da shi akwai E, sannan F wanda ya fi kowanne yawan ilaktaron, kaurinsa ya fi yawa wajen kilomita 300 zuwa 400. Shi yake lanƙwaso gajeren zango ya maido shi ƙasa a can wata nahiya. A 1901 Marconi ya aika saƙo daga Ingila ya tsallaka Tekun Atilantika ba tare da ya san abin da ya ɗauke masa shi ba. A tsakiyar shekarun 1920 Edward Appleton ya tabbatar da hawan da awo, aikin da ya kawo masa lambar Nobel a 1947.

Wannan kowane ɗalibin fiziks a duniya yana karanta shi. Abin da ya fi damuna shi ne ba a cika gaya wa yaranmu inda Kano take a cikin labarin ba. Duniya tana da maganaɗisu, kuma akwai layin da ya zagaye ta inda ƙarfin maganaɗisun yake kwance shimfiɗe, bai karkata sama ko ƙasa ba. Wannan layin bai bi ikwaitar taswira ba. A Kudancin Amurka ya sauka kudu ya ratsa Peru, a Afirka kuwa ya hauro arewa ya ratsa arewacin Najeriya, ba nisa da Zariya da Kano. Duk abin da ya sa sararin wannan ɗamara ya bambanta da na Turai daga kwanciyar maganaɗisun nan ya samo asali.

Da rana, a kan layin, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, akwai wutar lantarki mai ƙarfi da ke kwarara gabas cikin siririn zirin da faɗinsa bai wuce kilomita 600 ba, ta fi ƙarfi wajen tsakar rana. Sydney Chapman ya raɗa mata suna a 1951, kuma Najeriya tana cikin wuraren da aka fi nazarinta. Tun farkon shekarun 1950 aka fara auna sararin Ibadan. A shekarun 1960 Rosemary Hutton ta yi aiki a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya shugabanci Jami'ar Ife, ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan wutar, kuma littafinsa na 1997 yana cikin waɗanda masana fannin ke komawa gare su. Idan gudun ilaktaron a cikinta ya wuce wani mizani, kusan mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa, sai filazmar ta daina zama sumul, ta kakkarye ta zama ƙananan igiyoyi. Farley da Buneman ne suka bayyana wannan a 1963. Da rana kuma wani ƙarfin lantarki yana ɗaga filazma daga kan layin ya kai ta sama, ta zubo gefe biyu, ta taru a wajen digiri 15 arewa da kudu da shi. Saboda haka mu muna ƙarƙashin inda ake ɗebowa, kudancin Najeriya da Tekun Gini kuma sun fi kusa da inda ake tarawa.

Amma abin da ya dami dattijon Fagge bayan magariba yake farawa. Rana na faɗuwa, ƙwayoyin da ke hawan ƙasa suna saurin komawa su haɗe, domin a can iskar ta fi kauri, suna yawan karo da juna. Na can sama ba su da abokin karo, sai su daɗe da cajinsu. Cikin ɗan lokaci sai a sami filazma mai kauri a sama, kusan babu komai a ƙarƙashinta. A daidai lokacin kuma, ƙarfin lantarkin da ke tura filazma sama yakan yi wata zabura ta ƙarshe kafin ya juya, ya cilla hawan F sama da inda yake. Abu mai nauyi ke nan zaune a kan mara nauyi, babu abin da ke riƙe da shi sai maganaɗisun da ke kwance. Ka zuba man gyaɗa a kwalba, ka tsiyaya ruwa a kansa a hankali: na ɗan lokaci za su zauna, amma ƙaramar girgiza ta isa man ya huda ruwan ya taso. Haka fanko ke hudowa daga ƙasa ya ratsa hawan F, shi ne abin da masana ke kira kumfar filazma.

Girmanta ba na wasa ba ne. Faɗinta daga gabas zuwa yamma yakan kai gomman kilomita, wani lokaci fiye da 100. Tana miƙewa arewa da kudu bisa layin maganaɗisu na dubban kilomita, kanta yakan haura kilomita 1,000, kuma yawan ilaktaron a cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da ke kewaye da ita. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Gabas take tafiya da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa, wato wadda ta tashi a kan Sakkwato tana iya kasancewa a kan Kano bayan awa ɗaya da ɗan abu. Gefunanta kuma ba santsi gare su ba, suna yayyagewa su zama ƙanana da ƙanana, daga masu kilomita zuwa masu 'yan mitoci. Igiyar rediyo da ta faɗa cikin wannan yamutsi sai ta rarrabu ta biyo hanyoyi da yawa, ta iso eriya a lokuta mabambanta, wani sashe ya ƙarfafa wani, wani ya kashe wani. Karkarwar muryar ke nan.

A 1938 Booker da Wells suka fara ba da rahoton alamar kumfar a Huancayo ta ƙasar Peru, inda na'urar da ke harba igiya sama ta saurari dawowarta take samun amsa a warwatse da dare maimakon layi ɗaya tsaf. A 1956 Dungey ya kawo bayanin mai nauyi a kan mara nauyi. Sai a 1976 Woodman da La Hoz suka nuna surar kumfar tana tasowa, da babbar radar Jicamarca da ke kusa da Lima. Akwai wani tsibiri a tsakiyar Atilantika ta kudu, Ascension, inda BBC ta kafa tashar harba shirye-shirye a 1966, kuma daga can ake turo da yawa daga abin da Afirka ta Yamma ke ji a gajeren zango. Tsibirin yana ƙarƙashin tarin filazma na kudu, kuma yana cikin wuraren da masana suka fi auna tsananin wannan rikici a duniya. Muryar da ta taso daga can da ƙarfe takwas da rabi tana bi ta yankin ne a daidai sa'ar da yake fara hargitsewa.

Lissafin watannin Kawu ma ya yi daidai. Kumfar ta fi yawa a nahiyarmu wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, lokacin da dare da rana ke kusan daidaita, domin a lokacin duhu yana sauka kusan tare a ƙarshen layin maganaɗisu na arewa da na kudu. Amma har yau babu cibiyar da za ta iya gaya maka da tabbaci cewa daren yau za ta tashi, na gobe ba za ta tashi ba. Tana buƙatar abin da zai fara girgiza ta, kuma cikin abubuwan da ake dangantawa da haka akwai igiyoyin iska da manyan hadura ke turawa sama. Wato hadarin da ya haɗu a wani wuri da la'asar yana iya samun hannu a abin da zai faru a tsayin kilomita 300 bayan isha'i.

Zamanin dish ya koya mini wani abin dabam, kuma ina ganin ya fi na farko wuyar riƙewa. Wanda ya san babban dalili yakan so ya ɗora masa komai. Da na dawo shago da ilimin jami'a, sana'a ta koma kafa dish da saita dikoda, mutane suna neman tashoshin Nilesat da Arabsat da na ƙwallo. Hoto yana daskarewa, yana farfashewa, sai ka ji yaran shago suna cewa sama ce, ko netwok ne, su wuce. Amma tasirin ayonosfiya yana raguwa ne sosai yayin da mitar igiya ke hawa. Ƙaramin dish yana karɓa a wajen gigahaz 11 zuwa 12, inda kumfar filazma kusan ba ta da iko. Abokin gabarsa ruwan sama ne, shi ya sa hoto ke ɗaukewa tun hadari yana gabas. Babban dish na da, mai karɓa a wajen gigahaz 4, shi ne kumfar kan taɓa jefi-jefi a shekarun da rana ta yi tsanani. Akwai kuma wata ɗaukewa ta 'yan mintuna da rana tsaka ko da hantsi, 'yan kwanaki a jere cikin Maris da kuma wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da rana ke bi ta bayan tauraron ɗan'adam daidai saitin dish ɗinka, hayaniyarta ta danne saƙon. Ita ma da kanta take wucewa.

In ka cire waɗannan, sauran duk namu ne: iska ta karkatar da dish, ruwa ya shiga waya, kan da ke karɓar saƙo ya ƙone, ko mai kafawa bai ɗaure kusoshi ba. Tashoshin FM irin su Freedom, wadda ta fara a 2003, kai tsaye suke zuwa daga hasumiya, ba sa bi ta sama. Haka kiran waya. Idan yaro ya ce wa mai kaya sama ce don kada ya hau rufi da rana, ya ɗauki maganar Kawu ya yi ha'inci da ita. Kawu sai da ya gwada batir, ya duba eriya, ya tambayi tashar gida, sannan ya ambaci sama. Wannan jerin nake tilasta wa duk wanda ke koyo a hannuna: a fara da abin da hannu zai iya kaiwa.

Yanzu masu gajeren zango sun ragu, amma sararin ya ƙara shiga rayuwarmu ta wata ƙofa. Kowace waya tana sauraron taurarin GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, suna aiko da saƙo a wajen megahaz 1,575 da 1,227. Na'urar tana gane inda take ne ta hanyar auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, kuma filazma tana jinkirta shi. Jinkirin kaɗai yana iya zama kuskuren mitoci da dama, wani lokaci gommai, ga na'urar da ke sauraron mita ɗaya. Na'urorin safiyo suna sauraron mita biyu su kwatanta, su cire mafi yawan kuskuren. Kumfa ce ba su da maganinta, domin ƙananan yage-yagenta masu faɗin 'yan ɗaruruwan mitoci suna sa ƙarfin saƙon ya riƙa hawa da faɗuwa cikin daƙiƙa, har na'urar ta saki tauraron gaba ɗaya.

A azumin 2024, wanda ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, wani matashin safiyo ya shigo shago da akwatin na'urorinsa, ɗaya ta kafewa a kan ƙafa uku, ɗaya ta kan sanda. Ya ce, "Malam, na'urar nan ta fara cin amanata. Sai ina tsakiyar aiki ta saki, lambobi su riƙa tsalle. An ce mini sai an canza allonta, kuma kuɗin ya fi ƙarfina." Da na bincika, ashe saboda zafin rana da ƙishirwa ya mayar da aikinsa bayan shan ruwa, yana yanka filaye a wata sabuwar unguwa a bayan gari da fitila. Na ce ya same ni bayan asuba. Muka hau rufin wani bene a Sabon Gari inda babu abin da ya tare sama, muka buga ƙusa a siminti, muka kafa na'urar a kanta. Lambobin suka zauna, bambancinsu bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Wajen ƙarfe tara na dare muka dawo kan ƙusar nan. A fuskar na'urar akwai jerin taurarin da take ji, kowanne da sandar da ke nuna ƙarfinsa. Muna kallo sandunan wasu suka fara rawa, musamman waɗanda suke ƙasa-ƙasa ta kudu, waɗanda saƙonsu ke ratso yankin da filazma ta fi kauri. Ɗaya ya ɓace daga jerin, ya dawo, wani ya bi shi. Wasu dararen da ya sake gwadawa kuwa babu abin da ya motsa. Ya mayar da aikinsa daga bayan asuba zuwa hantsi, na'urar tana nan a hannunsa har yau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne turakun da aka riga aka kafa a irin waɗannan darare. Safiyo mai horo yana ganin gargaɗin na'urarsa ya dakata. Amma yanzu dillalan filaye suna tsayawa a kusurwar fuloti da waya, su ɗauki hoton lambobin da ta nuna, su tura wa mai saye a WhatsApp a matsayin shaida. Waya ko a ranar da sama ke kwance tana kuskuren 'yan mitoci. A cikin Kantin Kwari ko ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Muhammad kuskuren ya fi haka, domin saƙon yana bugun gini ya dawo, kuma wannan ba laifin ayonosfiya ba ne. Fulotin da faɗinsa ƙafa 50 ne bai wuce mita 15 da ɗan kai ba. Kuskuren mita 3 a nan ɗaki guda ne, kuma a kan ƙasa da haka 'yan uwa sun daina gaisawa, an yi shekaru ana zarya a kotu. Duk wanda ya nemi shawarata ina ce masa kada ya biya kuɗin fili a kan lambar waya, ya nemo safiyo mai rajista, a yi awon da safe.

Shekarar ma tana da hannu. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, tana tsananta tana lafawa. Zagayen da muke ciki, na 25 a ƙidayar masana, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktobar 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai lokacin ƙololuwarsa. Safiyon nan ya yi shekarun koyon aikinsa ne lokacin da rana ke lafe, bai taɓa ganin irin wannan ba, shi ya sa ya zargi na'ura. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 aka yi guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003, har manoma a tsakiyar Amurka suka tsayar da shuka saboda motocin nomansu masu bin GPS sun daina tafiya a layi. Su sai an yi irin wannan guguwa suke ɗanɗana abin. A ɗamararmu kuwa kumfa ba ta jiran guguwa, a daren da rana ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba ma tana tashi.

Daga Bata kana jin jiragen da ke sauka a filin Malam Aminu Kano. Duniyar sufurin sama tana ƙara dogaro da tauraron ɗan'adam wajen sauka, ta hanyar tsarin da ke auna kuskuren GPS a ƙasa ya aika wa jirgi gyara. Amurka da Turai sun gina nasu a ƙarƙashin sararin da ya fi namu natsuwa. Indiya, wadda ke cikin ɗamara ɗaya da mu, sai da ta kafa tashoshin awo a faɗin ƙasarta ta tsara lissafin da ya dace da samanta kafin ta kammala nata tsarin mai suna GAGAN. Tauraronmu NigComSat-1R, wanda aka harba a Disambar 2011, yana ɗauke da na'urar aika irin wannan gyara, kuma da shi hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, wadda Nijar ke cikinta, ta yi gwajin saukar jirgi a Lome a Janairun 2021. Amma gyara ba ya fin awon da aka gina shi a kai inganci.

Ana awon, ba a ce ba a yi. Hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Anyigba ta Jihar Kogi. Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorin auna maganaɗisu a Legas da Ilori da Abuja. Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya yana da tashoshin GPS na dindindin, har da na Zariya da Birnin Kebbi, waɗanda masu bincike ke amfani da bayanansu wajen nazarin filazma. Sai dai in aka kwatanta da Kudancin Amurka da Indiya, Afirka ce ta fi ƙarancin na'urori, alhali ita ce ta fi kowace nahiya faɗin ƙasa a ƙarƙashin layin, kuma awon taurarin ɗan'adam ya nuna tana cikin yankunan da kumfa ta fi yawa. Wahalar tashar awo ba a sayenta take ba. Wahalar tana wajen batirin da zai kai ta asuba, da intanet, da mutumin da zai goge ƙurar hunturu daga kan sola, domin sa'o'in da aka fi bukatar awon su ne na dare, kuma daren da aka rasa ba a sake auna shi.

Wannan aiki ne da 'yan Bata suka ƙware a kai. Mu ne muke haɗa inbata, muke kafa sola, muke hawa rufi, muka san wayar da ke jure zafin Afrilu. Ina so in ga jami'o'i da kwalejojin Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi sun jera na'urori daga kudu zuwa arewa a ƙetaren layin, kowacce da mai gyara na unguwa da aka horar aka ba shi alhakinta da ɗan alawus. A makarantarmu na fara da abin da muke da shi: rediyo mai gajeren zango da littafi. Ɗaliban da ke kwana suna kama tashar waje ɗaya a sa'a ɗaya kowane dare, su rubuta ƙarfin muryar daga 1 zuwa 5, su nuna ko tana karkarwa. Zagaye na 25 zai lafa wajen ƙarshen shekarun 2020, na gaba kuma ana sa ran tsananinsa a tsakiyar shekarun 2030, lokacin da jirage marasa matuƙi da motocin noma da awon filaye za su fi na yau dogaro da GPS. In ana son Kano ta sami cikakken awon zagaye guda, daga lafawa zuwa tsanani, sai an kafa na'urorin kafin 2030.